Bahago da Kwamfuta Mai Alƙalami: Hannu Ne Matsalar ko Alƙiblar Rubutu?

Tsakure

Maƙalar nan tana jayayya da ra'ayin da ke cewa an gama da matsalar bahago muddin kwamfuta ta tambaye shi hannun da yake rubutu da shi. Ta nuna cewa wahalar tana fitowa ne daga haɗuwar hannu da alƙiblar da rubutu ya nufa, kuma rubutun Hausa, mai boko da ajami, shi ne shaida mafi kusa.

Waiwaye

Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne. Nazarin da Papadatou-Pastou da abokan aikinta suka tattara a 2020 ya kai adadin kashi 10.6 cikin ɗari. Tun da Microsoft ya fitar da Windows XP Tablet PC Edition a 2002 aka tanadi wurin zaɓen hannu, domin jerin umarni ya riƙa buɗewa a gefen da hannu bai rufe ba. Inkpen da abokan aikinta sun nuna a 2006 cewa sandar jan shafi da ke gefen dama tana tilasta wa bahago miƙa hannu ya tsallake fuskar na'urar, ya kare abin da yake son gani, kuma mayar da ita hagu yana sauƙaƙa masa. Vogel da abokan aikinsa kuwa sun auna a 2009 siffar wurin da hannu da damtse suke rufewa. Ayyuka ne masu kyau, babu musu. Inda na rabu da su shi ne duk sun tsaya a kan harsunan da ake rubutawa daga hagu zuwa dama, har alƙiblar ta zama kamar ba abin tambaya ba ce.

Hanyar Bincike

An bi hanyar ƙwanƙwance yanayi huɗu: hannun dama da na hagu, kowanne a boko da ajami. A kowane yanayi an duba inda gefen tafin hannu yake sauka, da abin da yake rufewa, da ko jan alƙalami ake yi ko turawa.

Sakamako

Wanda ke rubuta boko da dama jan alƙalami yake yi, hannunsa na tafiya a kan farin wuri, kalmar da ya gama tana fili a idonsa. Bahago a boko turawa yake yi, gefen tafinsa na bin sawun haruffan da ya ajiye yanzu. A takarda wannan shi ke shafe tawada. A gilashi babu tawadar da za ta shafe, sai dai wata wahalar ta maye gurbinta. Tafin yana kwanciya daidai inda rubutun yake, kuma manhajar da ke mayar da rubutun hannu zuwa na bugu, irin Scribble da Apple ya kawo a 2020, tana sauya kalma ne bayan an ɗan dakata, a lokacin da hannu yake kanta. Idan na'urar ta karanta ƙ a matsayin k, bahago ba zai gani ba sai ya ɗaga hannu.

Da an koma ajami sai reshe ya juye da mujiya. Layi yana tasowa daga dama, don haka bahago ne ke ja, na-dama ke turawa, tafinsa na bin abin da ya rubuta. Ke nan malami na-dama da ya rubuta wasiƙa da boko da safe, ya rubuta waƙa da ajami da yamma, ya shiga halin bahago ba tare da ya sauya hannu ba, alhali na'urarsa tana nan a kan amsar da ya ba ta tun ranar farko. Tambaya ɗaya ba ta isa ba: wurin buɗe jerin umarni ya dogara ga hannu kaɗai, amma wurin nuna gyara da kalmomin da na'ura ke hasashe ya dogara ga hannu da alƙibla tare.

Za a iya cewa ai alarammomi sun daɗe suna rubutu da dama a kan allo, da ɗanyar tawada, ba su shafe ko wasali ba. Gaskiya ne, amma a lura da yadda suke yi: allon yana karkace a kan cinya, hannu yana ƙarƙashin layi, bakin alƙalamin kara ne kawai ke kaiwa sama. Wannan hujja ce gare ni, domin ta nuna maganin yana ga karkata abin rubutun. Kwamfutar hannu kuwa shafinta yana juyawa ne tsaye ko kwance, kuma idan aka ɗora ta a kan maƙallinta mai allon bugu ba ta karkatuwa zuwa gefe. Shi ya sa bahagwai da yawa suke lanƙwasa wuyan hannu su sauko wa layi ta sama, abin da ke ajiye tafin a inda manhajar da ke watsi da taɓawar tafi ba lallai ta yi tsammaninsa ba.

Iyakar Binciken

Dole a amsa cewa ba a zaunar da mutane an auna saurinsu ko kurakuransu ba, don haka girman wahalar bai fito da adadi ba. Haka kuma a ƙasar Hausa ana yawan tilasta wa yaro bahago komawa dama tun yana ƙarami, abin da zai sa tantance waye bahago a gwaji na gaba ya buƙaci fiye da kallon hannun da ya ɗauki alƙalami.