Yadda Aka Hana Jini Daskarewa a Cikin Kwalba

Akwai wani fage da muke yawan rubutawa: jaruma ta yi haɗari, jarumi ya naɗe hannun riga ya ce a ɗebi jininsa, nan take a ɗura mata ta farfaɗo. Ni ma na taɓa rubuta shi. Amma wannan hoton ya fi kama da asibitin 1908 fiye da na yau.

A wancan zamani jini ba ya ajiyuwa. Da zarar ya bar jiki, cikin mintoci kaɗan ya zama guda-guda. Dole a kwantar da mai bayarwa kusa da majinyaci, likita ya haɗa jijiyar wannan da ta wancan, ba tare da ya san yawan abin da ya wuce ba. Karl Landsteiner ya riga ya gano rukunonin jini tun 1901 a Biyana, sai dai sanin rukuni bai hana daskarewa ba.

Maganin kuwa yana ajiye a ɗakunan gwaji tun tuni. Sunansa sitiret, gishiri ne na irin tsamin da ke cikin lemon tsami. Jini ba ya daskarewa sai da sinadarin kalsiyam, shi kuma sitiret kama kalsiyam yake yi ya riƙe. Tsoron likitoci shi ne zuciya ma da kalsiyam take bugawa, don haka suka ɗauke shi guba. A 1914 Albert Hustin a Beljiyam da Luis Agote a Ajantina, kowa daban, suka yi wa mutum ƙarin jini mai sitiret kuma ya rayu. A 1915 Richard Lewisohn a New York ya tsayar da ma'auni: kashi 0.2 cikin ɗari ya isa ya hana daskarewa bai cutar da majinyaci ba. A ganina nan ne gaɓar labarin. Mutumin bai ƙirƙiro komai ba, rage yawa kawai ya yi.

Saura matsalar yunwa, domin jajayen ƙwayoyin jini suna da rai, suna buƙatar abinci. A 1916 Peyton Rous da J. R. Turner suka ƙara sukari, ƙwayoyin suka jure makonni. Shekara guda bayan haka, a fagen yaƙin Kambare na Faransa, likitan sojan Amurka Oswald Robertson ya ɗebi jinin masu rukunin O a kwalabe, ya jera su cikin akwatin ƙanƙara, ya riƙa ɗura wa sojojin da suka ji rauni. Wata kwalbar sai da ta kwana 26 kafin a yi amfani da ita.

Sitiret bai taɓa canza rukunin jinin kowa ba, don rukuni gado ne daga iyaye. Jinin B da ya kwana ashirin a firji har yanzu B ne, kuma idan aka sa wa mai A zai iya kashe shi. Shi ya sa ko jarumin naka ya ba da jini, sai an gwada shi an tabbatar ba cuta, an haɗa shi da na majinyaciya an ga sun dace. Sau da yawa ma ledar wani baƙo za a ɗauko a sa mata, tasa kuma ta maye gurbinta a firji, inda za ta iya kwana 35 tana jiran wanda bai taɓa gani ba.