Haihuwar Yesu Ta Wurin Budurwa: Gādon Da Iyayenmu Suka Tsare

Karatu: Matiyu 1:18-25, Luka 1:26-38

Duk ranar Lahadi da muka miƙe tsaye muna faɗin Shaidar Bangaskiya, mukan ambaci budurwa Maryamu da haihuwar Ubangijinmu. Bakinmu ya saba da kalmomin nan har mukan wuce su da sauri. Yau bari mu waiwaya, mu ga yadda ikkilisiya ta farko ta sha fama a kansu.

Abin mamaki, gardamar farko ba a kan budurcin Maryamu ta fi zafi ba. Waɗansu malamai ne suka tashi suna cewa Yesu bai ɗauki jiki na gaske ba, kamannin mutum kawai ya yi, domin a ganinsu Allah ya fi ƙarfin shiga cikin mace. Wanda ya tsaya musu shi ne Ignatiyus, shugaban ikkilisiyar Antakiya ta Suriya. Wajen shekara ta 110, zamanin Sarki Tarajan, aka ɗaure shi aka nufi Roma da shi don a jefa wa namun jeji. A hanya ya rubuta wasiƙu bakwai. A ciki ya nace cewa Maryamu ta haifi Yesu da gaske, ya ci, ya sha, ya mutu da gaske. Hujjarsa mai sauƙi ce: in wahalar Almasihu ta ganin ido ce kawai, to, shi ma a banza yake ɗauke da sarƙa.

Daga wancan gefe kuma aka sami Ebiyonawa, waɗanda yawancinsu suka ce Yesu ɗan Yusufu ne kamar kowane ɗa, mutumin kirki da Allah ya zaɓa. Wajen shekara ta 180 Irenayus, shugaban ikkilisiyar Liyon a ƙasar da yau ake kira Faransa, ya ba su amsa. Ya nuna cewa kamar yadda Allah ya siffata Adamu daga ƙasar da ba a taɓa nomawa ba, haka ya kawo Adamu na biyu daga budurwa, domin ’yan adam su sami sabon farawa. Ya ce kuma ƙullin da rashin biyayyar Hawwa’u ya ƙulla, biyayyar Maryamu ce ta kwance shi.

Kun ga ke nan, koyarwar nan tana tsaron ƙofa biyu. Haihuwa tana shaida cewa Yesu mutum ne na gaske. Budurcin uwarsa kuma yana shaida cewa zuwansa aikin Allah ne, ba nufin namiji ba. Saboda haka majalisar da ta zauna a Kustantiniya a 381 ta ambaci Ruhu Mai Tsarki da budurwa Maryamu tare cikin shaidar bangaskiya. A Afisa a 431 aka tabbatar cewa jaririn da Maryamu ta goya, shi ne Ɗan Allah madawwami tun daga cikin ciki. A Kalsidon a 451 aka ƙarasa maganar: Almasihu ɗaya ne, cikakken Allah, cikakken mutum.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun yarda Maryamu ta haihu ba tare da namiji ba, Alkur’ani yana da sura mai sunanta. Wannan ƙofa ce ta zance cikin girmama juna. Inda muka bambanta shi ne ma’anar al’amarin. A gare mu ya wuce al’ajibi kawai, cikar annabcin Ishaya 7:14 ne, wato Allah da kansa ya zo ya zauna tare da mu.

To, ina ruwanmu da tsohuwar gardama? Ruwanmu ne ƙwarai. Da Yesu ba mutum ba ne, da bai san yunwa da hawaye da mutuwarmu ba, bai kuwa iya tsayawa a madadinmu ba. Da mutum ne kawai, da shi ma yana bukatar mai ceto. Wanda ke cikin rami ba ya fid da ɗan’uwansa daga rami. Ɗan’uwa, ’yar’uwa, in kana kwance da ciwo ko kina makoki a yau, Mai Cetonmu ya san nauyin jikin nan, yana kuma da ikon tashe shi.

Ya Uba, ka ba mu zuciya irin ta baiwarka Maryamu, mu karɓi maganarka da biyayya, mu kuma riƙe gaskiyar nan har ƙarshe. Cikin sunan Yesu. Amin.