Mariyo Rosi, Baƙon da Ya Zana Masallatan Masar

Jama'a, a cikin dattawanmu na nan Aziziyya ba a rasa waɗanda iyayensu suka ɗauki dutse da yashi sa'ad da aka soma faɗaɗa Masallacin Harami a shekarar 1955, zamanin Sarki Sa'udu. Ba a rubuta sunan lebura a jikin bango, wannan kowa ya sani. Amma har cikin gwanayen da suka riƙe alƙalamin aikin akwai waɗanda aka manta. Ɗayansu shi ne Mariyo Rosi, mutumin Italiya, wanda ya zauna a wannan gari na Jidda daga 1954 zuwa 1960. Labarinsa muke so mu ba yaranmu, gama shi ma baƙo ne kamarmu.

An haife shi a birnin Rum a 1897, ya koyi zanen gini a makarantar fasaha ta garinsu. A 1921 ya haye teku zuwa Masar, yana saurayi ɗan shekara 24. Wani ɗan ƙasarsu, Barruci Bey, babban maginin fadar Sarki Fu'adu, shi ya kira shi don ya taimaka da aikin ado a fadar Abidin ta Alƙahira. Watau dai yaron gida ya fara, ba maigida ba. Daga nan ya yi aiki a ƙarƙashin Mustafa Fahmi, ya sa hannu a gidajen attajirai da hubbarensu, har da gyaran tsofaffin masallatai kamar na Muhammadu Ali da na Husaini.

To, a nan ne muke ganin ya bambanta da sauran Turawa. Galibinsu in sun zo ƙasar Musulmi gini irin na gidansu suke kawowa, su ɗora masa ƙubba, su ce ga masallaci. Shi kuwa sai ya mai da kansa almajiri. Ya bi masallatan Faɗimiyyawa da na Mamalik yana awo yana zanawa, ƙofa da taga da hasumiya da rubutun bango, har ya tara kundi babba na zane-zanen ginin Musulunci. Wanda ya yi gyaran tsohon gini ya san asirin maginin farko, gama sai ka buɗe bango kake ganin yadda aka ɗaure shi.

A 1929 Hukumar Waƙafi ta Masar ta nemi babban mai zanen gine-ginenta, aka yi gasa, Rosi ya ci. A lokacin Kirista ne, ɗan Katolika. Mun san wasu dattawa za su ɗaga gira a nan, su ce yaya za a ba wanda ba ya salla zanen ɗakin Allah? Mu dai abin da muka gani shi ne masu hukumar Musulmi ne, a garin Azhar suke, kuma aikin hannunsa suka duba.

Babban aikinsa shi ne masallacin Abul Abbas Almursi a Iskandariyya, wanda ya fara tare da wani ɗan ƙasarsu mai suna Balzaniya. Shi waliyyin da ke kwance a wurin, almajirin Shehu Shazali ne, asalinsa mutumin Mursiya ta ƙasar Andalus, ya rasu a Iskandariyya a ƙarni na 13. Ashe baƙo ne ya gina wa baƙo. Maimakon tsakar gida a buɗe irin ta masallatan dā, Rosi ya yi ɗaki guda mai kusurwa takwas, ya tsai da rufin bisa ginshiƙan dutse da aka ɗauko daga Italiya, ya ɗaga tsakiyarsa sama da tagogi don haske ya sauko kan masallata. Ƙashin ginin siminti ne da ƙarfe irin na zamani, amma fuskarsa da ƙubbobinsa da hasumiyarsa duk na Mamalik ne, da ɗan ɗanɗanon Andalus saboda mai wurin. Ba a gama shi ba sai 1945, zamanin Sarki Faruƙu.

Kafin a gama kuwa yaƙin Hitila ya riske shi. Italiya ta shiga yaƙi da Ingila, Turawan Ingila kuma su ke da ƙarfi a Masar. Aka sallami Rosi daga aiki, aka ƙwace dukiyarsa, aka tsare shi tare da dubban 'yan ƙasarsu a sansanin Fayid, kusa da mashigin Suwes, daga 1941 zuwa 1944. Shekara 20 ya yi yana wa ƙasar hidima, amma ranar da aka tashi bincike takardar haihuwa aka duba. Ba sai mun yi wa mutanen zango bayanin wannan ba.

Da ya fito bai koma Rum ba. A 1946 ya musulunta, ya koma yi wa Hukumar Waƙafi aiki, amma yanzu a matsayin mai ba da shawara. A waɗannan shekaru ne ya zana masallacin Ƙa'id Ibrahim a Iskandariyya, da na Umar Makram da na Zamalik a Alƙahira. Shi ne kuma ya zana Cibiyar Musulunci ta Washinton a Amurka, wadda Shugaba Aizanhawa ya halarci buɗe ta a 1957. Masarawan da suka koya a hannunsa, irin su Ali Sabit da Ali Hairat, suka ci gaba da gini a kan tafarkinsa, har ya zama in ka ga masallacin gwamnati na wancan zamani a Masar, da wuya ka rasa alamar Rosi a jikinsa.

Sa'an nan ya zo nan Jidda, yana da shekara 57, ya shiga aikin adon Masallacin Harami, watau irin aikin da ya fara da shi a fadar Abidin yana yaro. Ya yi shekara shida a kai, kāna ya koma Alƙahira, inda ya rasu a 1961. Allah ya jiƙansa.