Sabunta tsohuwar ciyawar fili: shuka iri ko dasa sabuwa

A ma'aikatu, otal-otal da filayen ƙwallo na Yamai, Maradi da Damagaram, ciyawar da aka fi shimfiɗawa ita ce ƙiri-ƙiri, saboda tana jure zafi da tattaki. Duk da haka tana tsufa: ƙasa ta daskare, gara ta ci saiwa, aya-aya da ƙarangiya su mamaye wurin. Idan ba a gano abin da ya kashe tsohuwar ba, sabuwar ma haka za ta ƙare.

Gyara ko sakewa

Idan fiye da rabin ciyawar na da rai, gyara ya isa. A aske ta ƙasa-ƙasa, a kwashe busasshiyar da manjagara, a huda ƙasa don ruwa ya shiga, sannan a cike gurabe. Idan ba ta kai rabi ba, sai a tumɓuke duka, a kafce ƙasa zurfin santimita 10 zuwa 15, a tsince ƴaƴan aya-aya, domin kowane ɗaya da ya rage zai sake tsiro. A gauraya takin dabbobi da ya ruɓe sosai, saboda ɗanye yana zuwa da irin haki. A daidaita filin kada ruwa ya kwanta. Ƙarƙashin inuwar bishiya mai duhu ƙiri-ƙiri ba ta yi.

Hanyoyi uku

Iri ya fi araha. Giram 5 zuwa 10 sun ishi murabba'in mita ɗaya. Ana cuɗa shi da yashi a watsa, a rufe da ƙasa da ba ta wuce rabin santimita ba. Yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Dasa reshe shi ne abin da masu lambu suka saba: ana binne ƴan rassa tazarar taki ɗaya na hannu, su yaɗu su haɗe cikin wata biyu zuwa uku.

Ciyawar da aka yanko da ƙasarta ta fi tsada, amma fili yana yin kore nan take. Ana shimfiɗa ta ranar da aka yanko, a manne bakin kowane yanki da na kusa, a danne. Tana kama ƙasa cikin mako biyu zuwa uku.

Lokaci da ruwa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Da sanyin hunturu ƙiri-ƙiri ba ta saurin girma, da bazara kuma rana tana ƙone tsiro. Makonnin farko ana ban ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma, daga baya a rage yawan bayarwa amma a jiƙa sosai. Wajen aski, ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta.

Babban kuɗin yana ga ruwa. A watan Afrilu, fili mai murabba'in mita 100 na iya shan lita 600 a rana, wato duro uku. Wanda ba shi da rijiya ko famfo mai ƙarfi, gara ya rage faɗin filin tun kafin ya sayi iri.