Da Ƙafa Ake Karanta Dutse

A 1984 aka turo ni koyarwa a wata sakandare a Dutse, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano, garin ma bai wuce hedkwatar ƙaramar hukuma ba. Labarin ƙasa na karanta. Amma ranar da na kai takardata, shugaban makaranta ya dube ni sama da ƙasa, ya ga doguwar ƙafa babu tumbi, sai ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini usur. "Malam, ka haɗa da wasanni." Haka ake yi a wancan zamani: malamin da ya saba fita da yara daji su ga kogi da tsauni, shi ake ɗora wa fili.

Filinmu rairayi ne, ƙafa na nutsewa. Don haka bayan sallar asuba nakan kwashi 'yan gudun dogon zango mu nufi duwatsun Garu, inda tsohon gari da fadar sarki suke. Wata safiya cikin hunturu mun kai sama, kowa na haki, wani yaro ɗan aji uku ya dafa wani ƙaton dutse da ke zaune bisa ɗan'uwansa kamar an aza tulu a kan gammo, ya ce, "Malam, wa ya jera su haka?" Na ce ikon Allah, wanda gaskiya ne, na ƙara da jimla biyu daga littafin aji. Ya yi shiru irin na ladabi. Ni da shi duk mun san ban ba shi amsa ba.

Mutum na farko da na sani mai karanta ƙasa bai taɓa shiga aji ba. Baffana ne, mai ginar rijiya, wanda ya yi aiki daga ƙauyukan Kiyawa har Jahun. Kafin ya sa dagi sai ya zaga wuri da ƙafa, wani lokaci yini guda. Yana duba inda ɓaure da ɗinya suka tsaya shar cikin bazara, yana duba shuri, ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu. A bakinsa na fara jin jerin abin da ke ƙarƙashinmu: jigawa a sama, sai marmara, sai yumɓu, sai ruɓaɓɓen dutse mai tsakuwa inda idon ruwa yake, in kuwa aka ci karo da fa, a tattara kaya. Yakan ce arewa da gabas rairayi ne har inda igiyarka ta ƙare, amma kudu da yamma, wajen Birnin Kudu, gaba kaɗan za ka yi dutse ya yi maka sallama.

Daga baya na ga wannan magana tasa a kan taswira. Iyakar manyan shimfiɗu biyu ta ratsa ƙasarmu. Ta kudu maso yamma tsohon dutsen gindi ne, wanda ya yi kamarsa ta yanzu wajen shekara miliyan 600 da suka wuce. Ta arewa maso gabas kuwa yashi da yumɓu ne da suka taru a kwarin Tafkin Chadi, iska ta zo ta jera tuddan rairayi a kansu a zamanin da hamada ta gangaro kudu fiye da yau. Da aka ƙirƙiro jiha ranar 27 ga Agusta 1991, sai ta ɗauki sunan rairayin, wato Jigawa, babban birninta kuma yana ɗauke da sunan dutsen. Ban sani ba ko masu raɗa sunan sun lura, amma sun yi daidai.

Masu rijiya ba su kaɗai ba ne. A Riruwai, can kudancin Kano, tun kafin Bature ya zo akwai masu wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta sirara kamar tsinken ciyawa, fatake su kai kasuwannin Kano da ma nesa da nan. Ganin wannan ƙarfe a hannun 'yan kasuwa ne ya sa Turawan kamfanin Neja suka bi sawunsa har tsaunukan Jos a farkon ƙarni na 20. Da kamfanoni suka mallake filayen, sana'ar narkarwa ta gargajiya ba ta daɗe ba ta mutu, jikokin masu ita suka koma leburori. Wannan ɓangare na tarihin yana ci mini rai, domin mutanen da suka nuna hanya su aka fara korewa daga kanta.

Sai masu guduma da littafin rubutu suka iso. Tsakanin 1904 da 1909 gwamnatin mulkin mallaka ta sa aka yi binciken ma'adinan Arewa, kuma J. D. Falconer, wanda ya yi wannan yawo bisa doki da ƙafa, ya fitar da littafinsa kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewa a 1911. A 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, shi ne shugabanta na farko. Kuza suka zo nema, amma ƙishirwar Arewa ta juya akalar aikin: a 1934 Raeburn da Jones suka wallafa rahotonsu kan kwarin Chadi da ruwan da ke ƙarƙashinsa, rijiyoyin siminti na gwamnati kuma suka bazu a ƙauyuka. Baffa ya yi leburanci a irin waɗannan rijiyoyi yana saurayi, ya ce Baturen yakan sa a jera masa ƙasar kowace gaba a gefe, ya tsuguna yana rubutu. "Abin da muke riƙewa a ka, shi yake sa wa a takarda."

Amsar tambayar yaron nan kuwa sai bayan shekaru na same ta, a wani kwas na hutu a Zariya. Duwatsun Dutse ba tsohon dutsen gindi ba ne, baƙi ne da suka zo daga baya. Narkakken dutse ne ya taso daga can ƙasa, wani ya yi aman wuta a sama, saura ya huce a hankali a ciki. Ruwa da iska suka yi ta cin abin da ya rufe shi har ya bayyana. Ruwa ya bi tsagogi yana cinye kusurwoyi, shi ya sa suka zama mulmulallu, wani bisa wani. Masana sun auna shekarunsu wajen miliyan 213. Abin da ya fi burge ni shi ne suna da dangi a jere: na Azbin sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram sun biyo baya, sai namu, sai na Riruwai da Jos, har zuwa Afu kusa da Binuwai masu miliyan 141. Kana gangarawa kudu suna ƙara ƙuruciya, kamar 'ya'yan gida ɗaya, kuma a ɓangaren Najeriya namu suna cikin manyan yayye.

A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ilimin ya dawo hannun 'yan ƙasa. Malamai irin su J. B. Wright da Cornelius Kogbe, wanda ya yi aiki a kwarin Sakkwato ya kuma tattara littafin duwatsun Najeriya a 1976, su suka horar da 'yan farko. Cikin waɗanda sashen ilimin duwatsu na jami'ar ya yaye akwai Farfesa Ibrahim Garba, ɗan Riruwai, garin masu kuzar nan. Ya yi digirin digirgir a Landan, ya yi bincike kan zinariyar Bin Yauri, ya riƙe ofishin rajistar filayen ma'adinai na tarayya, ya shugabanci jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da ke kan hanyarmu ta zuwa Kano, sannan ya shugabanci ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello daga 2015 zuwa 2020. Ban taɓa zama da shi ba. Amma duk lokacin da na tuna cewa ɗan garin da aka raba da sana'arsa ne ya zauna a kujerar da ake rajistar filayen, sai in ji wani abu ya ɗan koma mazauninsa.

Wani tsohon ɗalibina da ya yi karatu a Amurka ya taɓa tsokanata cewa ina da magabaci a can: Samuel Beyer, farfesan ilimin duwatsu a kwalejin Jihar Iowa, wanda ya yi shekaru yana riƙe da harkar wasannin makarantar har ya rasu a 1931, yau kuma akwai ginin motsa jiki mai sunansa. Na yi dariya, don ni ko digiri na biyu ban yi ba. Sai dai ban yi mamakin haɗin ba. Ɗaliban sashen nan a Zariya kan yi makonni a daji suna zana taswira, da guduma da kamfas da gorar ruwa, mai ciwon gwiwa ba ya kai labari. Ni ma yaran da suka fi juriya a hawan Garu su suka fi yi mini tambaya.

Yanzu Dutse tana da jami'ar tarayya tun 2011, gefen wasu duwatsun kuma injin fasa dutse ya ci su, tifa na kwasa ana gina unguwannin da a 1984 gonakin gero ne. Hanyar da muke bi da gudu ma wani ya katange ta.

Yaron da ya yi tambayar yau yana da furfura, sana'arsa auna wurin da za a haƙa rijiyar burtsatse. Bara unguwarmu ta yi karo-karo, na kira shi. Ya zo da mota cike da wayoyi da turakun ƙarfe da batir. Bai sauke ko ɗaya ba. Ya naɗe ƙafar wando ya zaga bayan gidaje, ya tsaya gindin wani ɓaure, ya taka wani shuri, ya murza ƙasa a hannu. Ina biye da shi da sanda, ina haki.

"Malam, a jira ka?"

Na ce ya wuce, zan tarar da shi. Sai da rana ta take sannan ya ce wa yaransa su sauko da wayoyin.