Gyaɗa da Ciwon Dajin Hanta a Ƙasar Kano

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoman Bichi da Dambatta suka duƙufa noman gyaɗa, har aka riƙa jera buhunanta dala-dala a birni. Sai bayan talotalo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗar Barazil, masana suka gano afilatoksin, wato gubar da fumfuna ke zubawa cikin gyaɗar da aka kai rumbu ba ta gama bushewa ba. Gubar tana lalata ƙwayoyin halittar hanta har ta haddasa daji, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Abin takaici, gyaɗar da 'yan kasuwa suka ƙi saye saboda fumfuna ita takan koma ƙuliƙulin gida.