Yadda azara ta haifi bakan gizo

Ƙasar Hausa ba ta wadatu da dogayen itatuwan da za a gitta a kan babban ɗaki ba. Abin da magina suka samu shi ne giginya. Ana sare ta, a tsattsaga ta a fitar da azara, itace mai taurin da gara ba ta cika yi masa ɓarna ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazara ta wuce kimanin mita 2. Wannan takura ce ta haifi bakan gizo. Magini zai kafa azara a jikin bangon tubali, ya ɗaura wata a kanta ta ɗan zarce, ya lulluɓe da laka, ya bari ta sha iska, sannan ya ƙara, har ɓangarorin biyu su haɗe a sama.

Fasahar ta kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, bayan jihadi. Da kwano da siminti suka shigo, sai aka fara yi wa ginin ƙasa kallon kayan talaka, abin takaici, alhali soro ya fi kowane ɗakin kwano sanyi a lokacin bazara.

A jihar Tawa ta Nijar sana'ar ba ta mutu ba. A 1962 mutanen Yama suka ɗora wa Falke Barmu, manomi kuma magini, aikin masallacinsu. Gari ya fito gayya: wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na kawo ruwa da itace. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan.

Falke ne kuma ya tsara tsohon masallacin garin Dandaji. Da ya fara lalacewa, masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da shi ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Tsofaffin magina aka kira suka gyara abin da hannunsu ya gina. Amma a wasu sassan cikin ɗakin karatun ƙarfe aka sa, domin itacen gini ya yi wuya a yankin, kuma giginya kan ɗauki shekaru da dama kafin ta isa sara.